Yadda Ake Shirya Muhawara Mai Ma'ana Kan Ficewar Ƙasa Daga Ƙungiyar Ƙasashe

Tun daga ranar 28 ga Janairun 2024, da Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewarsu daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, wadda 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira ECOWAS, da wuya a sami wata fada ko tashar mota ko rumfar kasuwa a Maraɗi da ba a taɓa wannan batu ba. Sai dai mafi yawan abin da ake yi musu ne kawai: wannan ya ce zancen ƙasa ne, wancan ya ce a je kasuwa a tambayi kuɗin buhun masara, murya ta yi sama, lokacin salla ya yi, a watse kowa na kan bakansa. Wannan bayani na malamin makarantar da ke son ɗalibansa su gwada tunaninsu ne, da ƙungiyar ɗalibai a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo, da mai gabatar da shiri a gidan rediyo, da duk wani shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa da yake son a zauna a tattauna batun ta yadda wanda ya halarta zai koma gida da abin da bai zo da shi ba.

Aikin farko shi ne tsara batun da za a yi muhawara a kansa, kuma a nan ne yawancin masu shiri ke yin tuntuɓe. Idan aka rubuta a allo cewa "CEDEAO alheri ce ko sharri?", an buɗe ƙofar da ba za a iya rufewa ba, domin kowa zai shigo da abin da ke ransa, daga mulkin mallakar Faransa har zuwa farashin siminti. Batu mai kyau jimla ɗaya ce da za a iya amincewa da ita ko a ƙi ta, kuma tana faɗin wanda abin ya shafa da tsawon lokacin da ake magana a kai. Misali, a ce: "Ficewar Nijar daga CEDEAO za ta amfani manomi da ɗan kasuwar jihar Maraɗi cikin shekaru 10 masu zuwa." Ko kuma a ce: "Abin da ƙasa ke samu na diyauci idan ta bar ƙungiya ya fi abin da take rasawa na ciniki." A sanar da ɓangarorin biyu batun aƙalla mako guda kafin ranar, kuma idan ɗalibai ne, gara a jefa ƙuri'a a raba musu ɓangare, saboda wanda aka sa ya kare ra'ayin da ba nasa ba shi ne yake fin kowa ƙaruwa.

Bayan batu sai jadawalin kwanaki, kuma ina ganin wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a dukan shirin. Kafin kowa ya buɗe baki, jagoran zama ya rubuta waɗannan ranaku inda kowa zai gani. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi ragamar mulki. A ranar 30 ga wannan wata shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi, suka rufe iyakoki, suka dakatar da mu'amalar kuɗi, suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfin soja. A ranar 16 ga Satumba ƙasashen uku suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gurma da ta kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Sanarwar ficewa ta zo a Janairun 2024, CEDEAO ta ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu, iyakar Nijar da Najeriya ta buɗe a watan Maris, aka kafa haɗaɗɗiyar tarayyar AES a taron Yamai na 6 ga Yuli, sannan ficewar ta tabbata a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, domin sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar, wadda aka sabunta a Kwatano a 1993, ya tanadi wa'adin shekara guda daga ranar da ƙasa ta miƙa takardarta.

Amfanin wannan jadawali shi ne yana raba abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa. Akwai wahalar takunkumi, akwai saɓani tsakanin Nijar da wata maƙwabciya guda, akwai kuma sakamakon ficewar kanta. Duhun da Maraɗi ta shiga a damunar 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina, da tsadar shinkafa da ƙarancin magunguna na wancan lokaci, duk sun faru ne Nijar tana cikakkiyar mamba. Saboda haka mai adawa da ficewa ba shi da damar lissafa su a matsayin illar fita, haka ma mai goyon baya ba shi da damar cewa fitar ce ta dawo da wuta, tunda ɗage takunkumi ne ya dawo da ita. Rufe gadar Gaya da Malanbil, wanda ya sa kaya suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, rikici ne tsakanin Yamai da gwamnatin Benin, kuma ya ci gaba bayan ɗage takunkumin. Jagoran zama ya riƙe wannan a matsayin sandarsa: duk wanda ya kawo wata wahala ko wata nasara, a tambaye shi a wace rana ta faru, kuma cikin abubuwan nan uku wanne ne ya haife ta. Rabin hayaniya a nan take mutuwa.

Haka kuma wajibi ne a fayyace wace ƙungiya aka bari, wace ce kuma ba a bari ba. CEDEAO, da aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, daban take da UEMOA, ƙungiyar ƙasashe 8 masu amfani da kuɗin sefa, wadda aka kafa a 1994. Ranar da ficewa daga CEDEAO ta tabbata, Nijar ba ta bar UEMOA ba, sefa na nan a aljihunmu, babban bankin BCEAO na nan a Dakar, kuma darajar kuɗin na nan ɗaure da yuro a kan sefa 655.957. Wannan yana da babban tasiri ga muhawarar da ake yi a Maraɗi musamman, domin Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal duk suna cikin UEMOA, don haka akwai wata igiyar ciniki da zirga-zirga da ta rage tsakaninmu da su, amma Najeriya da Gana ba sa ciki. Ƙasar da muka fi kowace cuɗanya da ita, wadda daga nan zuwa iyakarta a Ɗan Isa bai kai tafiyar awa guda a mota ba, ita ce wadda CEDEAO ta kasance babbar laimar da ta haɗa mu. Mutumin Tilaberi yana iya duban Burkina da Mali ya ga maƙwabta, amma mutumin Maraɗi sai ya wuce Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, kafin ya doshi iyakar wata ƙasar AES. Muhawarar da ta manta da wannan taswira ta zama kwafin abin da ake faɗa a babban birni.

Daga nan kowane ɓangare ya zauna ya gina hujjojinsa, kuma shawarata ita ce kada su wuce uku, amma kowace ta tsaya da ƙafarta. Masu goyon bayan ficewa suna da hujjoji masu nauyi, bai kamata su ɓata su da kirari ba. Suna iya cewa ƙungiyar da aka kafa don haɗin kan tattalin arziki ta rufe wa ƙasar da ba ta da teku hanyar abinci da magani, ta kuma yi shirin kawo mata yaƙi, kuma zama cikin gidan da aka taɓa yi maka haka ba tare da tabbacin ba za a sake ba kasada ce. Suna iya nuna cewa zama mamba bai taɓa hana rufe iyaka ba: Najeriya ta kori baƙi a 1983, ciki har da 'yan Nijar da yawa, ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986 a daidai lokacin yunwar da dattawanmu ke kira El-Buhari, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, alhali duk ƙasashen biyu suna ƙarƙashin yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979. Suna iya ƙarawa da cewa ƙungiyar ta tsaurara kan juyin mulkin soja, amma ta sassauta wa shugabannin da suka gyara tsarin mulki don yin wa'adi na uku, kamar yadda aka gani a Gini da Kodebuwa a 2020, kuma shekaru da dama ana kashe mutane a yankin Sahel ba a ga rundunarta ba.

Masu adawa su ma kada su tsaya ga kukan tsadar rayuwa, su kawo takardu. Yarjejeniyar 1979 ita ce ta ba ɗan Nijar damar shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ba da biza ba ya zauna har kwana 90, kuma a kanta 'yan cirani da 'yan kasuwarmu na Kano da Legas da Akara suka dogara. Tsarin sassauta haraji na ƙungiyar shi ne ya amince dabbobi da amfanin gona su ƙetare iyaka ba tare da harajin dwan ba, shawarar 1998 kan kiwo ita ce ta samar da takardar da makiyayi ke nunawa idan ya gangara kudu da shanunsa da rani, inshorar mota ta katin nan mai ruwan ƙasa ita ma tsarin CEDEAO ne. Sannan akwai kotun ƙungiyar, inda talaka ke iya kai ƙarar gwamnatinsa: a watan Oktoban 2008 wannan kotu ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma umurci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gaskiya ne cewa a ranar da ficewar ta tabbata, CEDEAO ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na ƙasashen uku, su kuma bar mutane da kaya su wuce kamar da har zuwa wani lokaci. Amma mai adawa zai iya cewa abin da a da haƙƙi ne da aka rattaba wa hannu, yanzu ya koma alfarma da mai bayarwa ke iya janyewa. Mai goyon baya kuma zai mayar masa da cewa akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971, wadda ta girmi CEDEAO ɗin kanta, kuma ta wannan hanya ana iya ƙulla sabuwar yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kai tsaye. Idan muhawara ta kai wannan gaɓa, to ta fara yin daɗi, a bar su su ja.

Misalan wasu ƙasashe suna da amfani, amma a sa musu linzami. Kowa zai so ya ambaci Birtaniya, wadda ta shiga ƙungiyar Turai a 1973, ta yi ƙuri'ar raba gardama ranar 23 ga Yunin 2016 inda kusan kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi fita, amma ba ta fita ba sai 31 ga Janairun 2020, sabon tsarin cinikin ma bai fara aiki ba sai farkon 2021. Darasin da ya shafe mu a nan shi ne batun iyaka: abin da ya fi ba su wahala a tattaunawar shi ne iyakar ƙasa da ta raba tsibirin Ireland biyu, inda jama'a ɗaya suke zaune gefe da gefe suna ƙetarewa kullum, kamar dai mu da Jibiya. Amma Birtaniya tana da teku da nata kuɗi, kuma jama'arta ne suka kaɗa ƙuri'a, don haka wanda ya kawo ta dole ya faɗi inda kamannin ya tsaya. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Murtaniya, wadda ta bar CEDEAO a ƙarshen 2000 ba ta rushe ba, amma a 2017 ta rattaba hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar, abin da kowane ɓangare zai iya ja zuwa gefensa. Akwai Maroko da ta bar ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1984 kan batun Sahara ta Yamma ta dawo a 2017. Akwai kuma Mali, wadda rabuwarta da Senegal a Agustan 1960 ta sa jirgin ƙasan Dakar zuwa Bamako ya tsaya har 1963, sannan ta buga nata kuɗi a 1962 ta koma sefa a 1984, kuma duk mai son magana kan sabon kuɗin AES ya kamata ya fara karanta wannan tarihi. Ƙa'idar ita ce misali ɗaya ga kowane mai magana, tare da shekara, tare da bambancinsa da halinmu.

Abin da zai bambanta muhawarar Maraɗi da wadda ake ji a kafafen waje shi ne shaidu, kuma garin nan cike yake da su. A gayyato direban babbar mota da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano, da dillalin dabbobi, da mai fataucin wake ko aya ko riɗi zuwa kasuwar Dawanau, da ɗan canjin da ke riƙe da sefa a hannu ɗaya naira a ɗaya, da wata Hajiya mai sarin atamfa, da makiyayi idan an samu. Kada a tambaye su ra'ayinsu kan siyasa, a tambaye su abin da idonsu ya gani: wace takarda ake nema a iyaka yanzu da ba a nema a da, shinge nawa ne a hanya, kwana nawa kaya ke yi daga tashar jiragen ruwa zuwa nan, kuma tun yaushe abin ya canza. Sau da yawa za a ji cewa abin da ya fi taɓa cinikinsu shi ne faɗuwar naira tun tsakiyar 2023, da cire tallafin mai a Najeriya, da 'yan bindigar da suka addabi yankin Madarunfa da Gidan Runji, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya rataya ga zama ko barin CEDEAO. Wannan ba ya rusa muhawarar, yana dai tilasta wa masu magana su rage girman iƙirarinsu zuwa abin da za su iya karewa. A ba kowane shaida minti 3, kowane ɓangare ya yi masa tambaya ɗaya.

Game da alƙaluma, doka ɗaya ta isa: wanda ya faɗi adadi ya faɗi inda ya samo shi da shekarar da aka fitar da shi, in kuwa ya kasa, alƙalai su share shi daga lissafi. Saƙon murya na WhatsApp ba madogara ba ce. Mutanen Birtaniya sun ga yadda aka rubuta alƙawarin fam miliyan 350 a kowane mako a jikin motar yaƙin neman ƙuri'ar fita daga ƙungiyar Turai, adadin da hukumar ƙididdigar ƙasarsu ta ce yaudara ce tun kafin a kaɗa ƙuri'ar. Akwai kuma ƙananan alƙaluma da ke buƙatar kulawa, kamar harajin kashi 0.5 cikin ɗari da AES ta sanar a watan Maris na 2025 kan kayan da ake shigowa da su daga waje. Wanda zai kira shi sabon nauyi ya tuna cewa CEDEAO ma tana karɓar kashi 0.5 a kan kayan da suka fito daga wajenta, saboda haka tambayar da ta dace ita ce waɗanne ƙasashe ne yanzu ake ɗauka a matsayin waje.

Ranar zaman, a zaɓi jagora wanda ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, a ba shi agogo da cikakken iko. Tsarin da na fi ganin yana aiki shi ne mutum uku a kowane ɓangare: na farko ya shimfiɗa hujjoji cikin minti 7, na biyu ya warware na abokan hamayya cikin minti 5, a saurari shaidu, a karɓi tambayoyin jama'a, sannan na uku ya rufe cikin minti 4 ba tare da kawo sabuwar hujja ba. Kafin na biyu ya fara suka, a wajabta masa ya maimaita hujjar da zai soka har mai ita ya ce haka yake nufi, domin yawancin gardama da inuwar magana ake yin ta. A yi zaman da Hausa, tunda kundin sake gina ƙasa na Maris ɗin 2025 ya ɗaga ta zuwa harshen ƙasa, kuma mai fataucin wake ba zai saki jiki da Faransanci ba. Masu magana su fuskanci jagora, su kira juna Malam ko Malama, Alhaji ko Hajiya, ɗalibi kuma ko ya fi dattijo hujja ya ce "Baba, a gafarce ni, ranar da aka ambata ba ita ba ce."

Akwai kalmomin da ya kamata a haramta tun daga farko. Kada a kira mai adawa da ficewa maci amanar ƙasa ko yaron Faransa, kada kuma a kira mai goyon baya jahili ko ɗan amshin shatan sojoji. Kada a bari a mayar da fushin da ake yi da ƙungiya ya koma kan mutanen Najeriya, domin a watan Agustan 2023 majalisar dattawan ƙasar ta ƙi amincewa da yaƙi, malamai da sarakunan Arewa kuma sun yi ta zarya zuwa Yamai don neman sulhu, ballantana a garin da sarautarsa ma Katsina take amsawa. A nemi izinin masu wurin, a sanar da hukuma idan taron na jama'a ne, kuma kada a ɗauki bidiyon kowa a saka a Facebook sai da yardarsa, musamman ganin cewa dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓatanci da yaɗa abin da aka ɗauka zai tayar da hankalin jama'a. Shaidan da ya zo taimako bai kamata ya koma gida da fargaba ba.

Wajen yanke hukunci, alƙalai uku sun isa, kuma abin da za su auna shi ne wanda ya fi kafa hujja da wanda ya fi amsa tambayar da aka yi masa, ko da ra'ayinsu ya saɓa da nasa. Idan ana son jin ta bakin jama'a, a raba ƙananan takardu a kaɗa ƙuri'a a asirce sau biyu, kafin a fara da bayan an gama, sai a ba da nasara ga ɓangaren da ya fi janyo mutane daga inda suke tsaye. Kafin a tashi, kowane ɓangare ya rubuta abubuwa biyu da yake hasashen za su faru cikin shekara guda waɗanda ake iya dubawa da ido, misali ko za a fara neman biza a Ɗan Isa, ko takardar kiwo za ta ci gaba da aiki, ko layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 zai ƙetaro iyaka. Jagora ya sa takardun a ambulan, alƙalai su sa hannu a bayansa, a tsayar da ranar da za a sake haɗuwa a buɗe.